Maƙerin da ya ƙi jinin a ce masa ɗan kasuwa: yanda mai Patagonia ya sauya mudun auna nasara

Akwai wata jakit da na saya a gwanjo wani hunturu, irin mai laushin nan kamar bargo, a ƙirjinta akwai ɗan tambari mai hoton tsaunuka an rubuta Patagonia. Ni lokacin ko sunan ban taɓa ji ba, sanyi kawai nake gudu, shi ma mai kayan da alama bai san me ya riƙe ba don kuɗin da ya yanka min bai kai na wata shara-shara da ke rataye kusa da ita ba. Shekara nawa yanzu ina sa ta, zif bai taɓa cijewa ba, ɗinki bai saki ko ta waje ɗaya ba. To ni sana'ata ɗinki ce, in na ga aiki mai kyau sai na juya cikinsa na duba, daga nan ne na shiga bin diddigin masu ita, ashe akwai labari.

Mai kamfanin sunansa Yvon Chouinard, Shuwinad ake furtawa, an haife shi 1938 a jihar Maine ta Amurka, babansa ɗan asalin yankin Kanada ne masu jin Faransanci, mai aikin hannu, kanikanci da gyaran famfo da duk abin da ya samu. Yana yaro suka koma Kalifoniya. Yana ɗan shekara 14 ya shiga ƙungiyar masu kiwon shaho, a nan ya koyi sauka da igiya daga kan dutse don leƙa sheƙar tsuntsun, daga nan kuma sai son hawan dutsen ya fi son tsuntsun ƙarfi. Mu in an ce hawan dutse sai mu tuna Dala ko Goron Dutse wanda yaro ma zai hau da silifas, to nasu ba haka ba ne, bango ne na dutse a miƙe sambal, kamar El Capitan da ke gandun Yosemite a Kalifoniya mai tsayin wajen mita 900, mutum sai ya yi kwanaki yana rataye da igiya, a nan zai ci a nan zai yi barci.

Don kar a faɗo, ana buga wata ƙusar ƙarfe a tsagar dutsen a maƙala igiya a jiki. Waɗanda ake kawowa daga Turai lokacin ƙarfensu mai taushi ne, in ka buga sau ɗaya shikenan a nan za ka bar ta. A 1957 Shuwinad ya je wajen 'yan jari bola ya sayo tsohon murhun ƙira mai amfani da kwal, da uwar maƙera, da awartaki da guduma, ya koya wa kansa ƙira ba tare da ubangida ba. Ƙusarsa ta ƙarfe mai tauri ce, ka buga ka zare ka sake bugawa a gaba. Biyu yake ƙerawa a awa ɗaya, yana sayar da kowacce dala ɗaya da rabi, a but ɗin mota. Kuma fa ba don kasuwa ya fara ba, kansa da abokansa yake yi wa, abin da ya samu ya ishe shi abinci da mai ya koma dutse. Shi da bakinsa ya sha faɗa cewa akwai lokacin da gwangwanayen abincin kyanwa da suka lotse yake saye da araha yana ci. Wannan shi ne mutumin, ka riƙe hotonsa a ranka don duk abin da zai biyo baya daga nan ya taso.

A 1965 ya haɗa jari da wani abokin hawansa Tom Frost wanda injiniyan jiragen sama ne, suka kafa shago a wata rumfar kwano a garin Ventura da ke Kalifoniya. Kafin 1970 sun zama su ne kan gaba wajen sayar da kayan hawan dutse a duk Amurka. In da littafin ciniki kaɗai za a duba an gama magana, nasara ta samu. Amma shi da yake har lokacin yana hawa da ƙafarsa, sai ya koma wata hanya da ya taɓa bi a El Capitan ya tarar duk tsagogin dutsen sun farfashe sun yi ramuka, saboda buga ƙusa da zarewa, buga da zarewa, kuma ƙusar wa? Tasa. Abin da ke kawo musu kusan kashi 70 cikin 100 na ciniki shi ne yake lalata abin da ya sa ya shiga sana'ar tun farko. Sai suka yanke shawarar janye jiki daga ƙusar. A kundin tallan kayansu na 1972 suka sa dogon bayani suna roƙon mutane su koma wani ɗan curin alminiyon da ake cusawa a tsaga da hannu a zare ba tare da guduma ba. Cikin 'yan watanni cinikin ƙusa ya mutu, sabon kayan kuma har ba sa iya ƙera abin da zai ishi masu nema.

Abin da ya ja hankalina a nan, babu akawun da zai nuna masa wannan ɓarnar a takarda. Don bai daina hawa ba ne ya gani. Da ya zama irin ogan nan da ya bar sana'a ya koma kujera yana jiran a kawo masa lissafi da yamma, da sai dai ya ji ana ta saye ya yi murna.

Tufafi kuma kusan da tsautsayi suka shigo. Ya je Sikotilan a 1970 ya sayo rigar 'yan wasan zari-ruga don tana da kwala mai kauri da ke hana igiya yanka masa wuya, abokai suka gani suka ce su ma suna so, aka fara odarta, ribar riga ta zo ta fi ta ƙarfe nesa ba kusa ba. A 1973 aka raɗa wa ɓangaren tufafin suna Patagonia, sunan wani yanki a can ƙarshen kudancin Ajantina da Chile inda ya je hawan tsaunin Fitz Roy a 1968, shi ne ma tsaunin da ke jikin tambarin jakit ɗina. Shi kuwa kamfanin ƙarfen daga baya ƙararraki a kotu suka yi masa yawa, a 1989 ya shiga hannun kotun masu karyewar jari, ma'aikatansa suka saye shi suka mai da shi Black Diamond, yana nan har yau.

Yanzu ga inda lamarin yake. Shekarun 1980 kasuwa ta buɗe wa Patagonia irin buɗewar da kowane ɗan kasuwa ke roƙo a sujada. Jakit masu launi kala-kala suka zama abin yayi, har waɗanda ba su taɓa taka dutse ba suna saye, ciniki na ƙaruwa kashi 30 zuwa 50 cikin 100 duk shekara, ana buɗe shaguna ana ɗaukar ma'aikata ana ciwo bashin banki don a yi odar kayan baɗi bisa lissafin cewa baɗi ma haka za ta kasance. Shi kansa Shuwinad wanda kullum yake cewa ya raina 'yan kasuwa, ya wayi gari ya zama ɗaya daga cikinsu, kuma mudun da ake auna komai da shi ya koma guda ɗaya tal: bana mun fi bara da nawa? Ba wanda ya zauna ya zaɓi wannan mudun fa, shi yake shigowa da kansa in kuɗi suka fara zuwa, don shi ne ya fi sauƙin ƙirgawa kuma shi banki ke tambaya.

Ana cikin haka ya ɗauki manyan manajojinsa suka tafi Fulorida wajen wani masanin dabarun kasuwanci, Michael Kami, wanda ya taɓa yi wa katafaren kamfanin kwamfuta IBM aiki. Mutumin ya tambaye shi, kai me ya sa kake kasuwanci? Shuwinad ya kawo bayani mai daɗin ji, cewa shi asali mai aikin hannu ne, kuma yana riƙe da kamfanin ne don ya samu kuɗin da zai taimaka wa masu kare muhalli. Yanda shi Shuwinad ɗin ya ba da labari, Kami bai saya ba ko kaɗan, ya ce masa wannan zance ne kawai, in da gaske kyauta kake son yi ai sai ka sayar da kamfanin wajen dala miliyan 100, ka ɗebi kaɗan na cefane, sauran ka zuba a gidauniya ta riƙa rabawa duk shekara fiye da abin da kake bayarwa yanzu. Wato dai bai san dalilin da ya sa yake cikin kasuwar ba. Ka ji fa, mutum mai kamfanin da ake sha'awa a duk ƙasa, an yi masa tambaya ɗaya ya rasa amsa.

Sai 1991 ta zo da matsin tattalin arziki a Amurka. Ciniki bai faɗi warwas ba, kawai bai ƙaru yanda aka yi lissafi ba, amma tunda an riga an yi oda an ɗauki mutane bisa tsammani, kaya suka yi kwantai a sito, banki kuma ya rage bashin da yake ba su daidai lokacin da suka fi buƙata. Dole suka sallami mutum 120, kashi 20 cikin 100 na ma'aikata, a wajen da ake zama kamar gida ɗaya, wasu abokai ne wasu dangin abokai, 'ya'yansu na wasa tare a gidan renon da matarsa Malinda ta kafa a cikin kamfanin tun 1983.

Ni ma na taɓa yin tawa 1991 ɗin, ƙarama dai. Wata sallah na karɓi ɗinkin da ya fi ƙarfina ninki biyu don na ga shekarar da ta wuce an samu, na ƙaro keke uku da yara, na ciwo bashin janareto. Wallahi tun daga goma ga azumi har daren sallah ban riƙe almakashi ba, aikina amsa waya da ba da haƙuri, Hajiya gobe in sha Allahu, Alhaji saura aikin wuya kawai. Kuɗi sun shigo fiye da kowacce shekara, amma bayan sallah riga takwas aka dawo min da su, wata hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, kuma wata Hajiya da ta shekara shida tana kawo min ɗinki ba ta yi faɗa ba ba ta ce komai ba, ban dai sake ganinta ba. Sati biyu na yi in na tunkari shagon sai in ji gabana ya faɗi.

Abin da Shuwinad ya yi a lokacin matsin nan shi ne ya kwashi manajoji wajen goma sha biyu ya kai su ainihin yankin Patagonia a Ajantina, suna tafiya a ƙasa cikin iska da duwatsu suna tambayar juna tambayar da Kami ya yi. Abin da suka dawo da shi bai da wani ƙyale-ƙyale: za su tafiyar da kamfanin kamar wanda zai kai shekara 100 nan gaba, ba za su girma fiye da abin da za su iya riƙewa ba, za su rage dogaro da bashi, kuma kayan da za su yi dole ya zama mafi inganci ba tare da ɓarnar da za a iya kauce mata ba. Da ya dawo shi da kansa ya riƙa ɗaukar ma'aikata rukuni-rukuni zuwa daji yana karantar da su wannan. Lura fa, bai ce a daina lissafi ba, bai ce riba haramun ba ce, wanda ya sallami mutum 120 ya fi kowa sanin me rashin kuɗi ke yi. Riba ta koma kamar numfashi, dole a yi, amma ba don ita aka fito ba. Abin da ya canza shi ne an ƙara wasu abubuwan a kan sikeli, kuma aka yarda wani lokaci su rinjayi kuɗi.

Misalin da ya fi fito da wannan shi ne auduga. A 1988 sun buɗe shago a Boston, ba a jima ba ma'aikata suka fara kukan ciwon kai, aka kira injiniya ya duba ya ce iskar shagon ce ke juyo da wani sinadari da ke fita daga rigunan auduga da aka jibge a ɗakin ƙasa. Wani ogan da sai ya gyara fanka ya wuce wajen. Su sai suka shiga binciken yadin da suke amfani da su, suna zaton na roba ne zai fi illa, sai ga auduga a sahun gaba saboda yawan maganin ƙwari da ake fesa mata, wanda duk ya taɓa zama kusa da masu noman auduga ya san warin feshin nan. Suka riƙa cika bas da ma'aikata ana kai su gonakin audugar kwarin San Joaquin a Kalifoniya su gani da idonsu su shaƙa da hancinsu. A 1994 aka yanke cewa nan da 1996 duk kayan audugarsu sai wadda aka noma ba feshi ba takin zamani. Irin wannan audugar lokacin ba ta da yawa a kasuwa, ta fi tsada, masaƙu da yawa suka ƙi aikin, dole aka rage yawan samfurin kaya, aka ƙara farashi, aka haƙura da wani ɓangare na riba. Aka kuma cika alkawarin a 1996.

Haka maganar kyauta. Tun tsakiyar shekarun 1980 suke ware wani kaso don ƙungiyoyin kare muhalli, daga baya ya zama kashi 1 cikin 100, kuma abin lura, daga ciniki ake cirewa ba daga riba kaɗai ba. Duk wanda ya taɓa zama da akawu ya san riba aba ce da ake iya lanƙwasawa a takarda, a ƙara kashe-kashe nan a rage can ta dawo sifili, amma ciniki ba ya ɓuya, ko an ci ko an faɗi sai ka biya. A 2002 shi da wani abokinsa Craig Mathews suka kafa ƙungiyar 1% for the Planet don wasu kamfanoni su shigo tsarin. Sannan akwai garantin kaya, in ya lalace ka dawo da shi a gyara ko a canza, suna da katafaren wajen gyara a Reno da ke Nevada inda teloli ke zaune aikinsu kawai sa faci da canza zif. Ni wannan ya fi burge ni don na san me ake nufi da kaya ya dawo, kowace riga da ta dawo tana gaya maka inda aikinka ya gaza, wanda littafin ciniki ba zai taɓa gaya maka ba.

Shi kuma ogan, ya ƙi zaman ofis. Watanni yake yi a waje yana kamun kifi da hawan igiyar ruwa da gwada kayan kamfanin a jikinsa cikin sanyi da ruwan sama, har yana yi wa abin ba'a da cewa salon shugabancinsa shi ne rashin zama. Ma'aikata ma an ba su dama in igiyar teku ta yi kyau su ajiye aiki su je su dawo su ƙarasa. Wani zai ce sangarta ce, ni kuma ina ganin irin abin da ya sa ya gano ɓarnar ƙusar nan ne yake tsarewa, kar a wayi gari masu yin kayan sun daina amfani da shi.

Amma kar in mai da shi waliyyi. A 2011 ranar juma'ar nan ta ƙarshen Nuwamba da Amurkawa ke rububin sayayya, suka sayi shafi guda a jaridar New York Times suka sa hoton jakit ɗinsu suka rubuta kar ka sayi wannan jakit ɗin, har da bayanin cewa yin guda ɗaya na cin ruwa lita 135. Me ya biyo baya? Ciniki ya ƙaru da kusan kashi 30 cikin 100 a shekarar da ta biyo. To wa'azi ne ko talla? Ni dai na ce duka biyun, kuma sun san hakan. Kayansu na da tsadar da har ana yi musu laƙabi da Patagucci, wato ana kwatanta su da Gucci mai kayan 'yan gayu, mai ƙaramin ƙarfi sai dai irina a gwanjo. Kuma binciken da su da kansu suka sa aka yi ya gano a wasu masaƙun Taiwan da ke ba su yadi, baƙin ma'aikata na biyan dillalai har dala 7,000 kafin a ba su aiki, su shekara suna biyan bashi, labarin ya fito fili a 2015. An yaba musu da suka tona da kansu suka sa dokar a daina, amma dai shekara da shekaru ana ɗinka kayan da wannan yadin. Sannan babban abin da ya ba shi damar yin duk wannan taurin kan, lokacin kamfanin nasa ne shi da iyalinsa, bai taɓa kai shi kasuwar hannun jari ba, babu wanda zai buga tebur ya ce ina ribata ta wata uku. Wanda ya karɓi kuɗin mutane ya juya ba shi da wannan sararin, ko a Ventura ko a Kantin Kwari.

A 2017 mujallar Forbes ta sa shi a jerin masu dala biliyan, abin da wasu ke yanka rago a kai, shi kuwa ya ce ransa ne ya ɓaci, mutumin da ke yawo a tsohuwar Subaru ko wayar hannu ba ya riƙewa. Ranar 14 ga Satumba 2022, yana da shekara 83, shi da matarsa da 'ya'yansu biyu suka sanar sun fitar da kamfanin daga hannunsu, lokacin ana ƙiyasta darajarsa wajen dala biliyan 3. Kashi 2 cikin 100, wanda shi ne mai ƙuri'ar yanke hukunci, ya tafi wata amana mai suna Patagonia Purpose Trust da aikinta shi ne hana a karkatar da kamfanin daga manufarsa. Kashi 98 ya tafi wata ƙungiya mai suna Holdfast Collective, ita za ta riƙa karɓar ribar da ba a mayar cikin kasuwa ba, wajen dala miliyan 100 a shekara in kasuwa ta yi kyau, tana kashewa a kan muhalli. Mu da muka san wakafi abin ba zai mana wuyar ganewa ba, an tsare uwar dukiya ba a sayarwa ba a rabawa gado, amfaninta ne ke fita. Wato bayan shekara talatin ya ba Kami amsa, ya yi kyautar amma bai sayar ba, don yana tsoron sabon mai shi zai dawo da tsohon mudun nan na bana mun fi bara.

Nan ma an yi ta cece-kuce. Iyalin sun biya harajin kyauta wajen dala miliyan 17.5, masu suka kuma suka ce da sayarwa suka yi ko gado aka raba da harajin ya kai ɗaruruwan miliyoyi, ga shi har yanzu iyalin ne ke jan ragamar amanar, kuma irin rajistar Holdfast ta ba ta damar zuba kuɗi a siyasa. Duk gaskiya ne. Ni abin da na gani, kuɗin dai sun bar aljihunsu ba za su dawo ba, iko ne suka riƙe, kuma ikon ne dama ya dame shi tun 1991. Kamfanin kuma bai zama gidan sadaka ba, yana sayar da jakit da tsada yana gasa da sauran, in kasuwa ta ja baya yana jin jiki kamar kowa, a 2024 ma sun sake sallamar ma'aikata 41.